Saƙon da Na Manta Ban Goge Ba

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na yi a wani kamfanin casar shinkafa a Kura ba. An kira ni in saita musu na'urar da ke sa ido kan intanet ɗin ofis. Aikinta shi ne, in layin ya yi nauyi ya wuce iyakar da na sa, ta tura saƙon gargaɗi zuwa wayoyin manya.

Manajan wurin, Malam Sabo, ya takura min tun safe. Jim kaɗan sai ya leƙo: "Injiniya, har yanzu?" Don in huce, da na zo gwaji sai na rubuta a gurbin saƙon: "Gargaɗi! Manaja ya fara kallon ƙwallo, aiki ya tsaya." Na tura wa wayata, na sha dariya ni kaɗai. (Wallahi niyyata in goge.) Na shigar da lambar Alhaji mai kamfanin da ta Malam Sabo, aka kira azahar, na tashi.

Bayan la'asar Alhaji ya zo duba aiki, tare da wani baƙonsa, dillalin shinkafa daga Bunkure. Ina cikin zuba bayani ina hura hanci, sai wayoyi suka yi ƙara a tare. Alhaji ya sa tabarau, ya karanta a fili, kalma bayan kalma.

Innalillahi! Saƙon gwajina ne, ban goge ba.

Malam Sabo ya dafe ƙirji. "Ni? Alhaji, wallahi ko sunan ɗan ƙwallo ɗaya ban sani ba!"

"Ikon Allah," in ji baƙon. "Na'urar har mutum take ganewa?"

Alhaji ya juyo gare ni. "Injiniya, nuna mana a allo. Wa ke cinye layin?"

Na buɗe jerin masu amfani da layin. Sunan da ke can sama, ɓaro-ɓaro, nawa ne. Wayata ce ke ta sauke finafinan da na jera mata tun safe. (Intanet ɗin kyauta, kun gane.)

Alhaji ya kalle ni, ya cire tabarau. "To, na'ura dai tana aiki. Mai saita ta ne ke buƙatar saiti."

Sai da na durƙusa na ba Malam Sabo haƙuri a gaban baƙo. Yanzu duk inda aka kira ni in sa wa mutane ido, wayata nake fara kashewa tun daga bakin ƙofa.