Rasuwar Gagara-Haƙori, Rigar Dajin Mannir Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba saura, Malam Mannir Tela na Tudun Wada, Gusau, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna ƙishirwar jin irin wannan labari, rasuwar rigarsa ta daji wadda ya raɗa wa suna Gagara-Haƙori. Ta rasu ranar Juma'a da hantsi, bayan ƙaramar Sallar wannan shekara ta 1998, a tsakar gidansa, a gaban idonsa, yana durƙushe.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, wato kusan kowa, ita ba irin rigar da ake ratayewa a ƙusa ba ce. A cikin kaset ɗin gem, wato wasan da ake yi a talabijin, take zaune, wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda Mannir ya saya tare da na'urarsa a hannun wani direba mai kawo kayan gwanjo daga Kwatano. In an cusa kaset ɗin aka kunna talabijin, sai ga wani bawan Allah a bakin ƙungurmin daji, daga shi sai gajeren wando, yana rawar ɗari. Aikin mai wasa shi ne ya hana shi mutuwa. Sanyi na kashe shi, ƙaya na yagar sa, ruwan sama na sa masa zazzaɓi, namun dajin kuwa kamar ba su da wani abinci sai shi. Rubutun ciki duk da wani yare ne mai kama da tonon kaza, don haka babu abin da Mannir ya koya ta karatu. Mutumin nan ya mutu a hannunsa ya fi a ƙirga kafin ya gane cewa ana iya feɗe dabba, a jeme fatar, a ɗinka. Faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda ɗinki dai sana'arsa ce.

Marigayiya ta fara rayuwa cikin talauci, 'yar shara ce ta fatar zomo wadda ko cinnaka ba ta tarewa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, Mannir kuwa ya ci nasa gudun da babban yatsa, har ya yi kanta. Sannu a hankali ta samu hannuwa na fatar barewa. Ta samu ƙirji na fatar kada, bayan kadan ya haɗiye mai ita sau da yawa. Aka ɗora mata ƙoƙon kunkuru a kafaɗu. Daga ƙarshe aka yi mata shafi da hula da gashin wata ƙatuwar dabba da ke kan dutsen ƙanƙara, wadda babu irinta a dajin Zamfara, shi dai Mannir Uwar Kura yake ce mata. Wannan aiki ya cinye damina guda da kaka da azumi.

Mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa neman wanki ko guga ba, ba ta taɓa aiko yaro ya tsaya masa a ka ba. In mai ita yana ratsa ciyawa sai ta riƙa cewa ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar sabuwar shadda. In kura ta kai cizo sai ta ce tin, kurar ta ja da baya tana girgiza kai. Wannan tin ɗin, in ji mai makoki, ya fi masa daɗin ji a kan duk gaisuwar da aka taɓa yi masa a Gusau, kuma wanda ya san irin gaisuwar da ake yi masa ba zai yi mamaki ba.

Don ko a sanarwar rasuwa dole a faɗi gaskiya. Mannir tela ne, kuma ko a cikin teloli shi abin nuni ne. Gobensa ba ta taɓa wayewa ba. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, babu ruwansa da lantarki, amma da zarar ƙwan shago ya kama sai ya ja ƙofa ya yi gida, ya bar yadin mutane a jibge. Bana gidaje da dama sun yi Sallah da kayan bara saboda shi. A cikinsu har da gidansa, don atamfar da matarsa Ma'u ta ba shi tun kafin azumi tana nan a ninke ƙarƙashin teburin keke, almakashi bai taɓa ta ba. Ma'u ta yi magana har ta gaji ta daina, Mannir kuma ya ɗauka shirun nan sulhu ne.

Yana ba da labarin rigar a ko'ina, babu mai yarda. Na'urar a uwar ɗaka take, inda maza ba sa shiga, shi kuma ya ce ba ya nuna ɗinki sai ya kammala. Wata rana a tasha ya haɗu da Idris, mai gidan gem a Tsafe, wanda ya san irin wannan kaset, ya kuma rantse babu mahaluƙin da ya taɓa haɗa rigar nan har hula.

"Rigar ga taka, Mannir," in ji Idris a gaban 'yan kamasho, "irin ta mutanen da kaka ce ma su dawo gobe ta. Kowa na jin labarinta, ba a taɓa ganin wanda yas saka ba."

Tasha ta ɗauki dariya. Mannir ya ji ta har cikin ƙashi.

"Ku taho Asabar bayan Salla," ya ce. "In ba ku gan ta ba, ku kira ni duk abin da kunka ga dama."

Ya kuwa gama ta ranar jajibiri. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ba da rana kuma kaya suka riga ranar kammaluwa. Ba wani abu yake nema ba illa mutum ɗaya, ko da Idris ne, ya dube shi ya ce ashe gaskiya ka faɗa. Ya yi Sallar nan yana murmushi shi kaɗai, Ma'u tana raba tuwo cikin zanen bara.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Rauni ɗaya gare ta, tun na haihuwa. A cikin kaset ɗin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, shi ke riƙe da duk abin da aka tara, ranar da aka cire shi kuwa kaset ya manta komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Direban da ya sayar masa ne ya gargaɗe shi. Shi kuma da bakinsa ya kwashe wannan sirri ya ba Ma'u, wata rana da yake yi mata faɗa don ta matsar da kaset ɗin tana shara. Ta saurara da kyau.

Ranar Juma'ar, ana gobe baƙin Tsafe za su zo, sai ga Malam Labbo, mahaifin Ma'u, mai gyaran agogo da rediyo a Bungudu. Ya shigo Gusau sayen kayan aiki, ya ce bari ya biyo ya ga ɗiyarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Mannir ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamaci ɗan mutunci a gaban surukinsa. Ma'u ta kawo ruwa, ta kawo fura. Sannan ta koma ɗaki ta fito da kaset ɗin a kan faifai, ta ajiye gaban tsoho.

"Baba, ga wani abu na maigidan. Yac ce akwai batir ciki, kullum hankalinai na kai, shina tsoron kar shi mutu. Nac ce tunda Allah ya kawo ka."

"Batir ai ba a jira nai shi mutu," in ji Malam Labbo. Ya buɗe jakarsa, ya maƙala ɗan madubin nan na masu gyaran agogo a ido, ya kwance kaset ɗin da sukundireba. "An kama shi da dalma. Ma'u, sa min ƙarhen ga cikin garwashi."

Ta ɗauki ƙarfen dalma ta cusa a kurfoti, ta zauna tana fifita wuta da faifan nan.

Ƙarfe ba ya yin zafi nan take. Duk tsawon lokacin nan Mannir yana da baki, yana da harshe, kuma kalma ɗaya tak ake bukata. Amma a ƙasar nan mutum na iya musu da alƙali, yana iya ɗaga wa ɗan sanda murya, ba ya dai ce wa surukinsa bari. In ma ya ce, me zai biyo baya? Ya bayyana wa tsoho cewa akwai riga a cikin akwatin, rigar fatar kada, ita ya yi wata da watanni yana ɗinkawa, ga ɗiyar tsohon nan zaune cikin zanen da ya koɗe? Ya saci kallon Ma'u da idon roƙo. Ma'u tana duban garwashi.

Da ƙarfen ya yi ja aka miƙo shi, sai Mannir ya ji muryarsa ta fita ba da izininsa ba.

"Baba."

"Na'am? Mi kac ce?"

"Cewa niy yi, sannu da aiki."

"Yauwa, ɗana."

Ɗan hayaƙi ya tashi, batirin ya faɗo a tafin tsoho. Nan Gagara-Haƙori ta cika. Ita da ta tare haƙorin Uwar Kura, ta tafi ba ta ce ko tin ɗaya ba. Malam Labbo ya ɗanɗana batirin da harshe, ya ce da sauran ƙarfi amma sabo ya fi, ya laluɓo sabo a jaka ya like shi tsaf, ya ɗaure kaset, har ya goge shi da bakin rigarsa. Aiki mai kyau ƙwarai, babu wanda zai kushe shi. Gyaran gangar Auzinawa dai bai taɓa fitowa da tsabta haka ba.

"Allah shi saka da alheri, Baba," in ji Mannir.

Ba a kawo wuta ba ranar nan, don haka ya wuni ya tashi da ɗan guntun fata, yana cewa ƙila direban ƙarya ya yi, ai mutane na ƙarya, shi shaida ne. Asabar Idris ya iso da mutanensa cike da mota. Aka fito da talabijin zaure, 'yan unguwa suka cika ƙofa, wuta kuwa ta zo kamar an aike ta. Mannir ya kunna. Sai ga bawan Allah nan a bakin daji, daga shi sai gajeren wando, yana rawar ɗari. Mannir ya kasa ko taɓa hannun gem ɗin da ake latsawa a sarrafa mutumin, suna kallo wata ramammiyar kura ta fito daga ciyawa ta cinye mutumin ba tare da gaggawa ba.

"To," in ji Idris, "ko shi ma ce mai kay yi shi dawo gobe?"

Ba a taɓa yin dariya irin wannan a zauren ba. Mannir ya rantse, ya yi bayanin batir, ya yi bayanin suruki, kowace kalma tana ƙara wa dariyar mai. Daga ƙarshe ya tuna yana da shaida guda a duniya. Ya juya wajen ƙofar cikin gida, a gaban maza, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi matarsa.

"Ma'u, don Allah hwaɗa musu. Ke kin gan ta."

Muryarta ta fito daga bayan katanga, a natse.

"Wace riga? Ni ban ga wata riga ba gidan ga tun kahin azumi."

Marigayiya ta rasu ta bar kaset guda, cikin ƙoshin lafiya da sabon batir, bai san an yi komai ba. Ta bar hannun gem wanda maɓallinsa na dama ya lotsa a hidimarta, da talabijin mai ɗan layi a gefe. Ta bar maraya ɗaya tsirara a bakin daji. Ta kuma bar Mannir, wanda yanzu yara kan tsaya a ƙofar shagonsa su rungume ƙirji suna rawar ɗari, su ruga. Abin yana ci masa rai, kuma ba dariyar ce ta fi ci masa ba, illa sanin cewa sau ɗaya ya faɗi gaskiya a garin nan kuma babu wanda zai taɓa sani.

Game da jana'iza, babu wanka babu likkafani, don babu gawa. Tsohon batirin, wanda shi ne abin da za a iya binnewa, Malam Labbo ya jefa shi a aljihu, an ce yanzu yana aiki a kalkuletar wani mai sayar da taki a Karakkai. Za a yi zaman makoki a shagon mai makoki, daga hantsi zuwa lokacin da aka kawo wuta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi kayansu. Mutanen Tsafe su yi zamansu, an ga tasu ta'aziyyar.

Ana kuma sanar da jama'a cewa mai makoki ya koma daji, har ya kashe zomo, an samu wata 'yar shara sabuwar haihuwa. Duk mai son halartar rasuwarta yana iya shiri tun yanzu, don an riga an tsayar da rana. Ranar Juma'ar nan, da Malam Labbo ya rataya jakarsa zai fita, ya tsaya a bakin zaure ya waiwayi surukinsa da fuskar tausayi.

"Abin ga na son kulawa, ɗana. Kar ka damu. Duk ƙaramar Salla, in muna raye, ina tahe da kaina in sake mai sabo."

Mannir yana durƙushe, kansa a ƙasa.

"Allah shi kai mu, Baba," ya ce.