Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Ta Dahu a Kan Katifa

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, ni Mukhtaru Idrisu na unguwar Mansur a Makka nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta hannu, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata bayan azahar, tana da shekara tara, a kan katifata, babu kowa a kusa da ita.

Marigayiya mai haƙuri ce. Haruffa biyu sun goge a jikinta, batirinta ba ya kai minti goma, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da ita na koyi rubuta manhaja, da ita kuma na samu aikin gwaji na wata uku a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai, aikina na farko mai kujera da tebur.

Wannan aikin ne ya zama ajalinta. Maigidana Nawaf ya ce in rubuta manhajar ƙananan na'urorin da ke ƙirga fasinja a ƙofar bas. In ta yi aiki kafin alhazai su fara sauka, za a tabbatar da ni. Na'urorin ba sa jin harshen Dattijuwa, don haka sai da na fara gina kwamfaila, wato manhajar da za ta zauna a cikinta tana juya abin da na rubuta zuwa harshensu. Ginin awa uku yake ci. Nakan tayar da shi, in kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, domin Baba ya hore mu tun muna yara cewa ba a barin sanyi a ɗakin da ba mutum, in ja ƙofa in tafi harkokina.

Kullum na dawo sai in tarar ginin ya rushe. Yau a wannan fayil, gobe a wancan, jibi a wanda ya wuce lafiya lau. Duk ɗan sana'a ya san kuskuren rubutu wuri ɗaya yake tsayawa, abin da ke yawo haka ciwon jiki ne. Ni ma na sani, wannan ne yake cin raina. Kwana goma sha ɗaya na yi ina sauya sigar kwamfaila, ina zargin waɗanda suka rubuta ta, har koke mai zafi na aika musu. Ita kuwa baiwar Allah tana ta "fuuu, fuuu", daga baya ta koma "kar-kar-kar", ni kuma ina cewa ƙwazo ne. Kafin in dawo ta huce, ban taɓa jin zazzaɓin da hannuna ba.

Ranar Litinin na gaji, na je na gaya wa Nawaf da bakina cewa aikin ba zai yiwu da waɗannan na'urorin ba. Washegari Dattijuwa ta yi shiru har abada.

Muhannad mai gyara a Aziziyya ne ya buɗe gawar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ya akhi, wannan ai dafuwa ta yi. A kan katifa, a zafin Makka, ba mukayyif? Khalas, shi ke nan."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, linzami mai ciwon ƙafa, da jakar da zif ɗinta ya riga ta tafiya. Ta kuma bar gaskiyarta. Ranar Laraba na ari kwamfutar ƙanwata Lujain, na saka mata ainihin abin da na saka wa marigayiya tun ranar farko, a ɗakinta mai sanyi. Ginin ya kammala tashi ɗaya. Nan take na kira Nawaf, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ya riga ya miƙa wa wani ma'aikacinsa Rakan aikin, Allah ya ba ni sa'a.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar bayan la'asar, a akwatin tarkace na shagon Muhannad. Allon fuskarta an bayar da shi sadaka ga duk mai irinta. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu da ke Mansur, akwai shayi da gahawa. Kada kowa ya takura kansa da lokaci. Daga ranar Lahadi, ko da safe ko da rana, za a same ni a gida.