Fai ɗin Albasa a Kan Yashi

Maman Chidi, maƙwabciyata mai shago a kasuwar Azare, tana gasa fai ɗin albasa, wato kwaɓin fulawa da albasa a ciki, mai ƙamshin da ke tsallako katanga. Tana koya mini, ta zo kan zuba yashi a tukunya, na katse ta: "Na gane, ai ni tsohuwar hannu ce."

Ban tsaya jin zancen farantin da ake ɗorawa bisa yashin ba. A kan yashin na jera fai ɗin.

Surukata Hajiya, da ta zo daga Katagum, ta tauna ƙaras-ƙaras, ta haɗiye ba tare da ta yamutsa fuska ba. "Albasar ta ji, 'yata." Har ta ƙara ɗaya don kada in ji kunya.

Har yau in tifar yashi ta wuce, maigidana yakan ce, "Maman Amira, ga cefanenki ya iso."