Yadda Ake Kwantar da Giya Ba Tare da An Rasa Bronwyn Ba

"Ina jatan landen Mama?" in ji Bronwyn.

"Suna shan iska," in ji saurayinta Lachlan, ya tokare ƙofar firji da bayansa.

Kai mai haɗa giya a gareji, bi sawun wannan gwarzon na garin Wagga, inda Kirsimeti ke faɗowa tsakiyar zafi. Na yi maka alkawari giyarka za ta fito garai-garai kamar hawayen masoyi.

1. San alƙalinka

Des, mahaifin Bronwyn, ba ya tambayar sana'ar saurayi. Kofi yake ɗagawa ga rana. In bai hango yatsansa ta cikin giyar ba, magana ta ƙare. Samari biyu ya sallama a haka. Lachlan zai kai tasa tsakiyar Janairu, da zobe a aljihu.

2. Ƙirga kwanaki

Kwana uku a sanyi guiɓi ya kwanta, sannan mako biyu a kwalba. In lissafi ya faɗo kan jajiberen Kirsimeti, ba laifinka ba ne, na kalanda ne.

3. Ari firjin suruka

Na garejin Noelene, uwar yarinyar, ya fi faɗi. Zare shantoci, fito da kilo huɗu na jatan lande, tura durom ɗinka. Zafi ya kai digiri arba'in? Masana sun ce abin da ya fito daga teku ba ya tsoron rana.

4. Kada a motsa

Girgiza ɗaya, guiɓi ya tashi, aure ya dagule. Bronwyn ta kira shi sakarai, ta ce mutum goma sha biyu za su ci abinci gobe. Lachlan dai bai matsa ba. So ke nan!

5. Jira wari ya kira manya

Noelene ta iso hanci a toshe, tana neman tsintsiya. Des ya ture Lachlan, ya leƙa firjin.

"Yaro, tun yaushe?"

"Tun safe, Baba."

"Kada wanda ya taɓa sai Talata." Idonsa ya cika da ƙwalla. Noelene ta ce haka Des ya fitar da kek ɗin aurensu daga firji saboda giya.

Ni dai ba ruwana da ciwon ciki, ƙudaje ko tsintsiyar suruka. Wanda ya bi ni, shi ya so.

Bronwyn ta dubi mazan biyu sun jeru suna gadin durom.

"Zan aure shi," ta ce. "Amma firji biyu za mu saya, nawa a kulle da kwaɗo."