Rasuwar Wayar da Ta Rufa Mini Asiri Har Ni Ban Sani Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ba a rasa ba na nadama, ni Nu'uman mai fataucin raguna, na cikin garin Daura, nake sanar da rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a Kongolam, kan iyakar Nijar.

Marigayiya ta zo duniya kamar kowace waya, mai kai rahotona ga kamfanoni. Bara na kai ta wurin Ikrima mai gyara, ya cire mata tsarin da ta zo da shi, ya sa mata wani mai tsare sirri. Tun daga ranar ta tuba. Ba ta ƙara faɗa wa kowa inda na kwana ba, masu talla kuma suka kasa gano sawuna. Na yi alfahari da ita a kowace majalisa, har aka fara tashi idan na zauna.

Gaskiya tana da zafin tsantseni. Taswira ba ta taɓa buɗewa a cikinta ba. Manhajar hira kuwa ta bar ta ta zauna, amma ta hana ta magana, saƙo sai ranar da marigayiya ta ga dama.

Ciwon ajalinta ya fara ne da na shiga Nijar sayen raguna, inda layina ba ya kira, sai manhajar hira na dogara da ita, na bar matata Siddiƙa da tsohon ciki. Kwana tara wayar tana shiru, ni kuma na ɗauka lafiya ce. Da na tsallako iyaka sai ta yi ƙilin, ƙilin, ƙilin, sau ɗari biyu da goma sha huɗu. An haifa mini 'ya. Yayana Lawal ya tambaye ni suna har sau goma sha ɗaya. Ni da na shekara uku ina jiran 'ya mace in sa mata Zubaida, sunan mahaifiyata mai rasuwa, na karanta cewa an raɗa mata Murja shekaranjiya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Daga nan marigayiya ta suɓuce daga hannuna, da ƙarfi, ta nufi bango.

Ta bar caja ɗaya, da riga mai tsage, da kalmar sirri mai harafi ashirin da biyu wadda ba ta buɗe komai yanzu.

Za a yi mata sutura da tsohuwar safa, a binne ta a durowar Ikrima bayan La'asar. Babu zaman makoki, domin mai karɓar gaisuwa yana Mashi, a ƙofar gidan surukansa, yana jiran Siddiƙa ta yarda ya shiga. An ce jaririyar ta ɗauko goshin mahaifiyata. An turo mini hoton, yana cikin marigayiya a kulle.