Cindo da Kunnuwan Zomo

A Tsamiyar Goje akwai wata tsohuwa, Gwaggo Yalwa, ba ta da gona, ba ta da ɗa, sai zomaye cike da akurki da kuma ɗan ƙaninta, Cindo. Ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, amma in ka ce masa ya tsaya nan, to ko damina ta zo ta wuce nan za ka tarar da shi. Wanda duk ya ce maka an taɓa yin irinsa a ƙasar nan, ƙarya yake shara maka. Shi ke yanka da fiɗa, ita ke sayar da naman a rumfarta ranar kasuwa, da abin da aka samu ake ɗora tukunya.

Wata rana gwamnati ta kafa doka, ba a sayar da naman zomo sai malamin dabbobi ya duba shi da ransa, ya sake dubawa bayan yanka. Gwaggo ta cika kwando ta ce, "Kai wa Malam Isiyaku, malamin dabbobi. Wai so yake ya ga yadda suke tafiya." Cindo ya shiga ofis, ya yi sallama, ya kife kwandon a tsakar ɗaki. Zomaye suka watse. Wani ya haye tebur ya ɓarar da shayi, wani ya shige babbar rigar wani dattijo, dattijon ya daka tsalle yana salati. Malam Isiyaku ya ɗare kujera yana cewa, "Kai! Mene ne haka?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga tafiyar nan. In gudu kake so, sai in tafa musu."

Wata rana Malam ya biyo ta gidansu ya ce nama ba ya son zafi, a riƙa ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina sanyi. Cindo ya zaga gari yana taɓa wannan yana taɓa wancan, bai ga inda ya kai randar masallaci sanyi ba. Da la'asar Liman ya tsoma moɗa zai sha ruwa, sai ga cinyar zomo ta biyo. "Innalillahi!" Ladan ya zauna daɓas. Waɗanda suka riga suka sha suka shiga tofar da yawu. Cindo ya matso ya rusuna. "Allah gafarta Malam, a mayar da ita, kada zafi ya ɓata ta."

Magana ta kai kunnen Malam Isiyaku. Ya aiko cewa saura ƙiris, in aka ƙara ko ɗaya zai rufe rumfar. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta ce, "Cindo, ka kashe ni da raina."

Wata rana, ana gobe kasuwa, Malam ya kira Cindo ya ce, "Zan zo rumfarku da kaina. In ka feɗe, kada ka raba zomon da komai na jikinsa sai na gani." Shi hanta da huhu yake nufi. Gwaggo ta iso kasuwa da hantsi ta tarar da zomayenta a rataye, kowanne da kansa, da dogayen kunnuwansa, da ƙafafu masu gashi da ɗan bindinsa, ga kuma fatarsa Cindo ya yafa masa a kafaɗa kamar ango. Mata suna zuwa, su ga nama yana kallonsu, su ja da baya suna tafa hannu.

Ana cikin haka sai ihu ya tashi. Ashe an daɗe kyanwoyin gari suna ɓata, yau kuma an kama wani baƙo mai sayar da naman zomo da buhun fatunsu a bayan rumfarsa. Kyanwa in an feɗe ta an cire kai da ƙafa, wa zai rantse ba zomo ba ce? Jama'a suka ɗauko sanduna. Malam Isiyaku ya bi rumfunan masu zomo ɗaya bayan ɗaya yana kwashe nama yana rufewa. Da ya iso ta Gwaggo ya tsaya cak. Ya kama kunnen zomo ya ja, ya duba ƙafa, ya juya ga mutane ya ce, "Wannan kam ko makaho ya shafa ya san zomo ne." Ya buga hatimi. Masu saye suka yi ca a rumfar, kafin azahar ko bindi bai rage ba.

Cindo ya zaro wuƙa ya nufi na ƙarshe, wanda wani direba ya riga ya riƙe. "To Malam, tunda ka gani, in yanke kunnuwan?"

Gwaggo ta daka masa tsawa. "Ka sake taɓa kunnen zomo, naka zan yanke!"

Wuƙar ta suɓuce daga hannunsa. Tun daga ranar, ko a zafin bazara, ba ka ganin Cindo sai da hula ya ja ta har wuya.