Ranar da Na Goya Talaka Zuwa Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da barkar da na je gidan surukan 'yata Saude ba, kuma ko na so mantawa, matan garinsu ba su da niyyar bari na. Gara ku ji daga bakina, don masu ba da labarin yanzu sun zuba masa gishirin da ya fi ƙarfin miyar.

A shekarar nan ce da hatsi ya yi tashin gwauron zabi, tuwo ya koma sau ɗaya a yini a yawancin gidajenmu. Tsakiyar damina ce, marka ta zauna, gero ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa in ka leƙa sai ka hango ƙasansa. Ɗan abin da ya rage mana wata mage ce ke gadinsa. Ba tamu ba ce, ba ta kowa ba ce, kuma tsakanina da ita sai jifa da muciya. (Duk unguwa an san ni da ƙin mage. Na sha yi wa maƙwabciyata dariya don tana kiran tata da suna kamar mutum.) Wata safiya muka same ta a miƙe a gindin rumbu, ta ci ɓeran da wani ya sa wa guba. A ƙarƙashin rumbun kuma ga 'ya'yanta huɗu, idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba, suna wannan siririn kukan mai shiga rai.

Malam, maigidana, ya ce a bar wa Allah abinsa, mu da muke kallon hannun juna a kan akushi ina muka ga na marayun mage. Na ce gaskiyarsa. Yana sa ƙafa waje da fartanyarsa na kwashe su a tsohuwar ƙwarya na kai ɗaki. Da ya dawo na ce masa ai dabara ce, nan gaba su za su tsare mana rumbu. Ƙarya nake yi, tausayi ne ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni.

Ina da 'yar akuya mai shayarwa, sai na riƙa tatsa ina ɗiga musu da sirinjin da mai kemis ya cire wa allura. Uku daga ciki ci kawai suka iya, su sha nasu su hau kan ƙaramar su sha nata, shi ya sa na sa musu Gwamna da Ciyaman da Kansila. Ƙaramar kuwa, wadda kullum ake takewa, sunanta ya zo da kansa: Talaka. Wato ni da nake yi wa maƙwabciya dariyar suna ɗaya, na wayi gari da huɗu.

Bayan 'yan kwanaki Talaka ta daina sha. Cikinta ya kumbura ya yi tauri, idanunta suka cika da kwantsa, jikinta ya yi sanyi kamar randa. Duk abin da na sani na rainon yara na juye mata. Na ɗiga mata ruwan kanwa, na shafa mata man shanu, na turara mata habbatus sauda har Gwamna ya yi atishawa, na tofa mata duk addu'ar da na haddace. Ba abin da ya canja. Abu ɗaya na lura da shi, in ta ji ɗumin jikina takan ɗan motsa, in na ajiye ta sai ta saki jiki kamar tsumma. To aikin gida ba ya jira, ga daka ga ɗiban ruwa. Sai na cika gorar roba da ruwan ɗumi, na naɗe ta da tsohon zane, na kwantar da Talaka a kai, na ɗora a bayana na ɗaure da majanyi. Rabona da goyo shekara goma sha ɗaya, amma hannu bai manta ba. Malam ya kalle ni ya kalli goyon, ya ce shi dai kada a gaya wa kowa a gidansa aka yi.

Ana cikin haka aka aiko Saude ta sauka, haihuwarta ta biyu, a ɗakinta. Ranar kwana huɗu, ranar da ake dafa wa mai jego ƙauri, wato farfesun ƙafar saniya, dole in je. Na roƙi Malam ya riƙe mini Talaka na yini ɗaya, ya shafa gemunsa ya ce ya yarda ya ɗiga wa manyan uku nono, amma goyo kam sai dai a wani gidan. In na bar ta a ƙwarya na san gawa zan tarar. Na ce a raina, ai babban hijabi rufin asiri ne, wa zai lura? Zan shiga in ga jariri, in zame bayan gida in ɗiga mata nono, in dawo. Haka na kama hanya a ƙasa ta cikin gonaki, don kuɗin mashin ya zama sai wane da wane. Garin nasu yana can gefen titin Ɗambatta, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, kuma duk hanya ina jin 'yan faratanta suna ɗan sosa mini baya, ina jin daɗi.

Uwar mijin Saude, Hajiya Tasalla, tsohuwa ce mai kwarjini, ta girme ni nesa ba kusa ba. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai, amma ba a taɓa ɓoye mata komai a gidanta ba. Na yi sallama, na tarar da tsakar gida cike da mata, na durƙusa a gabanta ina gaisuwa. Ta miƙo hannu ta dafa kafaɗata, hannun ya zame ya sauka a kan goyo.

"Uwar Saude," ta ce, "ashe ke ma kin sauka? Shi ne ba a aiko mana ba?"

Nan ne fa inda ya kamata in buɗe baki in ce, Hajiya mage ce. Kalma uku kacal. Amma ku gaya mini, ta yaya mace mai jikoki za ta dubi surukarta a gaban mata sun fi ashirin ta ce ta goyo mage tun daga garinsu? Na sunkuyar da kai na ja bakin hijabi na rufe fuska, wanda a wurinmu babu amsar da ta fi wannan nuna e. (Ni dama mai jiki ce. Duk yunwar shekarar nan tumbina bai san ana yi ba, don haka babu wadda ta yi mamakin ba a ga ciki ba.)

Guɗa ta tashi. Aka ja ni aka zaunar a sabuwar tabarma, aka tura mini matashi. Wata ta tambaya mace ce ko namiji, na ce mace, kuma ita ce kaɗai gaskiyar da na faɗa a gidan. Wata ta tambayi suna. Ba zan iya cewa Talaka ba, sai na ce ba a raɗa ba tukuna. Wannan ita ta ƙarasa ni. Nan take suka gane ke nan ko bakwai ba a yi ba, na tako wannan tafiya a ƙasa da ɗanyen jiki a cikin marka. Aka dira a kan Malam. Bawan Allah yana can yana fama da ciyawa a gonarsa, a nan kuwa an tabbatar ba shi da imani, an tuno har da kakansa da aka ce shi ma haka yake. Ni da na san gaskiya sai gyaɗa kai nake yi ina cewa a yi masa uzuri.

Saude ta leƙo daga ɗaki da jaririnta a hannu, ta kalle ni ta kalli bayana. Rabonmu da haɗuwa tun kafin azumi. Ta ce a hankali, "Inna, ko a waya ai kya faɗa mini." Ta koma ciki, na ji tana jan hanci.

Sai ga kunun kanwa a kwano, da zafinsa, aka tsaya a kaina sai na shanye don nono ya kawo. Wata dattijuwa ta kunce bakin zanenta ta ajiye mini sabulu. Wata ta ce bari ta ɗora ruwan wanka, tunda yau na rasa na safe, kuma na ga an nufi murhu da ganyen darbejiya da gaske. Duk wadda ta ce in sauke jaririya a gani, sai in ce barci take yi, ta sha wuya a hanya. Daga nan aka kawo abin da ya tsaya mini a wuya har yau. Ƙaurin Saude, wanda a shekarar nan ƙafar saniya ɗaya tak mijinta ya iya saya, Hajiya ta sa aka raba shi biyu, aka ajiye rabi a gabana. Naman da aka dafa don 'yata ta yi ƙarfi. Na ɗauki tsoka ɗaya ina taunawa, kunya na tauna ta.

Ina cikin taunar ne na lura bayana ya yi shiru. Gorar ta daɗe da hucewa, kuma babu sosawar nan, babu motsi. Na ɗan girgiza kafaɗa. Shiru. Na sake girgizawa har wata ta ce a'a, yi a hankali da yarinya.  Bayan gidan yana can ƙarshen gida, kuma mata uku na layi a ƙofarsa. Daidai lokacin Hajiya ta miƙo hannuwa biyu ta ce barci ko ba barci ba, a ba ta jikarta ta sa mata albarka.

Ban san lokacin da na cire hijabin ba. Na kunce majanyi, na sauke ƙunshin, gorar roba ta fara faɗowa ta gangara tsakar gida har gaban murhu. Kowa ya bi ta da ido. Sannan na warware zanen na ɗora abin da ke ciki a tafin Hajiya.

Ban taɓa jin gidan barka ya yi tsit irin wannan ba. Hajiya ta shafa da yatsa, a hankali, yadda masu raunin gani ke yi. Ta shafa kai, ta tsaya a kan kunnuwa. Ta bi baya har ta iso wutsiya, ta ja ta kaɗan don ta tabbatar.

"Uwar Saude," ta ce, "wannan ɗiya da wa ta yi kama a danginku?"

Wata ta fara dariya, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Mai sabulu har da kwanciya a tabarma. Ni kuwa ban ma ji su sosai ba, hawaye ne ya zubo mini, na ce, "Hajiya, ki duba mini ko ta mutu."

Tsohuwar nan ta ɗaga hannu, dariya ta tsaya. Ta kara Talaka a kunnenta ta ce da sauran numfashi. Ta tura ta cikin rigarta ta rungume, ta sa aka kawo zuma ta laƙaba mata a baki, ta tambaye ni me nake ba ta. Da na zo kan kanwa da turare sai ta ce in tsaya haka nan, ta ji isasshe. Ta latsa cikin, ta tambaye ni yaushe rabonta da kashi. Na ce ban lura ba. Ta ce 'ya'ya bakwai na raina amma ban taɓa tsayawa na kalli mage da 'ya'yanta ba, ai ɗan mage ƙarami ba ya iya yi da kansa sai uwar ta lashe masa gindi. Manyan uku sun yi wayon yi da kansu, wannan kuwa jira take yi.

Na ce, "Hajiya, lasa kuma?" Ta ce ba ta ce ni in lasa ba, ko da yake ta ga alamar zan iya.

Ruwan wankan jegon da aka ɗora mini shi aka sirka. Hajiya ta tsoma tsumma tana shafa wa Talaka ƙarƙashin wutsiya, mata sun yi da'ira suna leƙe, har da Saude da ta fito ta kasa haɗa ido da ni don dariya. Can sai Talaka ta miƙe 'yan ƙafafunta ta sauke kayan kwana da kwanaki a kan zanen Hajiya na fita unguwa, ta buɗe baki ta yi kuka. Wallahi aka yi guɗa, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Kafin la'asar ta sha nonon akuya da aka kaɗa da gwaiduwar ƙwai, har tana kama sirinjin da hannu biyu.

Na mayar wa Saude da rabin ƙaurinta, ban da tsokar da na ci. Mai sabulu ta ce ba ta karɓar kyautar da ta riga ta bayar, in yi wa yarinya wanka. Labari kuwa ya riga ni isa gida. Na tarar da Malam a zaure ana yi masa barka, yana amsawa da fuskar da ban so in sake gani ba, kuma sai da ya yi sati yana tambayata me aka ce a kan kakansa.

Talaka ta warke ta yi ƙiba. Gwamna da Ciyaman da Kansila, da suka ga gari ya waye, suka koma gidan mai sayar da kifi ba sallama, ita kaɗai ta zauna tana tsare rumbu har sabon gero ya shigo. Ni kuma na koyi cewa gaskiyar da za ta ba ka kunya, faɗe ta tun daga zaure, kafin a dama maka kunu. Amma kada ku ɗauka an yafe mini. Da damina ta zagayo Talaka ta haifi uku a ƙarƙashin rumbu, kwana huɗu cif sai ga ɗan aike a kan mashin daga garin su Saude, da kwanon kunun kanwa a ɗaure cikin ɗankwali. Wai Hajiya tana yi mini barka da samun jikoki, kuma in zan kawo su gaisuwa in hau mota, kada in goyo su duka.